Nanjie, Zhoujiazhuang ko Huaxi: wane ƙauyen gurguzu ne ya cancanci tafiyarka a ƙasar Sin?

Mutum biyu nake yi wa wannan bayani. Na farko ɗan kasuwa ne ko ɗalibi da ke ƙasar Sin. Ya ji cewa har yau akwai ƙauyukan da ba su raba gona ba, inda masana'anta da gidaje da makaranta duk na jama'a ne, kuma yana da kwana biyu ko uku a hannu kafin kayansa su fito ko kafin a koma aji. Yana so ya je, don gani ya kori ji. Na biyu yana gida, yana riƙe da ƙungiyar manoma, yana neman wurin da zai zauna ya nazarci tsarinsa ko zai tsinci abin amfani. Dukansu sunaye uku suke cin karo da su: Nanjie a lardin Henan, Zhoujiazhuang a lardin Hebei, da Huaxi a lardin Jiangsu. Ana yawan jera su tare kamar abu ɗaya ne, alhali sun sha bamban ƙwarai.

Kafin a shiga kwatanci, ga asalin maganar a taƙaice. A 1958 gwamnatin Mao Zedong ta tattara manoman ƙasar cikin manyan gandayen jama'a: gona ta kowa, dabbobin noma na kowa, a wani lokaci ma tukunya ɗaya ake ɗorawa. Yunwar da ta biyo baya daga 1959 zuwa 1961 ta kashe miliyoyin mutane, kuma bai kamata mai maganar waɗannan ƙauyuka ya tsallake wannan ba. A ƙarshen 1978 wasu magidanta 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui suka dangwala yatsa a kan takarda a ɓoye, suka raba gonar gandu gida-gida. Amfanin gona ya ƙaru, gwamnati ta amince da salon, zuwa 1985 an rushe gandayen jama'a a kusan ko'ina. Ƙauyukan nan uku suna cikin 'yan tsirarun da suka ƙi rabawa, ko suka raba suka dawo suka haɗe. Akwai na huɗu da za ka ji ana ambata, Dazhai a lardin Shanxi, wanda a 1964 Mao ya ce ƙasa duka ta yi koyi da shi a harkar noma. Na ajiye shi gefe, domin yau galibi wurin tuna tarihi ne.

Abin da za a auna

Na farko kuɗi, kuma fuska biyu gare shi: abin da tafiyar za ta ci maka, da kuma inda kuɗin ƙauyen da kansa ke fitowa. Na biyu ƙarko, wato shekara nawa tsarin ya yi a tsaye, kuma me ya taɓa girgiza shi. Na uku sauƙi: hanya, masauki, abincin halal, da kuma ko abin da ka gani zai kwaikwayu a wani wuri. Na huɗu haɗari, ga ɗan garin da ya so fita da kuma baƙon da ya zo da tambayoyi.

Akwai na biyar, kuma shi na fi ba wa nauyi: wa ke yin aikin? Idan an ce kowa na cin moriya daidai, sai ka tambaya ko mai tsayuwa a gaban inji yana cikin wannan "kowa" ɗin. Amsar wannan tambaya ita ce ta fi raba ƙauyukan uku.

Nanjie

Yana gundumar Linying, ƙarƙashin birnin Luohe. Ƙaramin wuri ne, bai kai murabba'in kilomita 2 ba, 'yan asalinsa dubu uku da ɗoriya. Hotonsa ne ya fi yawo a intanet: dandali mai faɗi, farin mutum-mutumin Mao da aka kafa a 1993, manyan hotunan Marx da Engels da Lenin da Stalin a gefensa, lasifika na sakin waƙoƙin zamanin Mao tun da sassafe.

Mutanen Nanjie sun raba gona a 1981 kamar kowa, suka ba wa ɗaiɗaikun mutane hayar wurin yin bulo da injin niƙan garin. Ƙorafi ya yi yawa cewa masu hayar ne kaɗai ke ci. Daga 1984 aka fara karɓe masana'antun, daga baya gonaki ma suka koma hannun jama'a. Wang Hongbin, wanda ya karɓi jagorancin reshen jam'iyya na ƙauyen a 1977, shi ya ja wannan tafiya, ya kuma riƙe ragamar fiye da shekara 40.

Tsarin da suka shahara da shi shi ne kashi 30 cikin ɗari albashi, kashi 70 kayan bukata. Ɗan gari yana samun gida da kayan ɗaki, wuta, ruwa, gas, fulawa, ƙwai da nama, karatun 'ya'ya har jami'a, magani, har da hidimar aure da jana'iza. Shugabannin garin sun daɗe suna karɓar yuan 250 kacal a wata (yuan shi ne kuɗin ƙasar Sin). Amma akwai sharaɗi. Ana auna kowane gida da taurari 10, a kan abubuwa irin su tsafta, biyayya ga dokar gari da zaman lafiya da maƙwabta. Gidan da ya rasa tauraro yana rasa wani abu daga rabonsa, sai ya koma yana sayen abin da maƙwabcinsa ke karɓa kyauta. Gidan da kake ciki ba naka ba ne, kujerar da kake zaune a kai ma haka. Ka bar gari, ka bar su duka.

Kuɗin garin daga masana'antu yake: taliya irin ta indomi wadda ta yi suna a yankin, kayan ɗanɗanon miya, giya, ɗab'i. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. An gina yawancin wannan da rancen bankunan gwamnati, musamman Bankin Noma na Sin, kuma a 2008 jaridar Southern Metropolis Daily ta birnin Guangzhou ta ba da rahoton cewa bashin ya haura yuan biliyan 1.5. A cikin asarar da aka yi har da wajen yuan miliyan 20 da aka zuba a ƙoƙarin ƙera injin da zai yi ta juyawa ba mai, ba wuta, abin da ilimin kimiyya ya daɗe da tabbatar ba zai yiwu ba. Wannan ya nuna abin da ke faruwa idan mutum ɗaya ya yanke shawara babu mai iya ce masa a'a. Garin bai rushe ba, masana'antun sun ci gaba da aiki, kuma a yi masa adalci, wannan ƙarko ne. Amma ƙarko ne mai jingine da bangon gwamnati.

A ma'auni na biyar, Nanjie ya gaza. Ma'aikatan da ke zuwa daga wasu garuruwa sun kai wajen dubu 10 a lokacin da kasuwa ke ci, sun ninka 'yan gari, kuma ba su da rabo irin na 'yan asali. Ana ba su albashi da wurin kwana da abinci, shi ke nan. Kenan walwalar mutum dubu uku tana tsaye ne a kan gumin waɗanda ba sa cikin lissafi.

Ta fuskar sauƙi kuwa, babu kamarsa ga Musulmi. Akwai 'yan ƙabilar Hui, waɗanda Musulmi ne, a cikin mutanen garin, akwai masallaci, don haka sallah da abincin halal ba za su zame maka matsala ba. An saba da baƙi, akwai masu zagayawa da mutane, akwai masauki. Jirgin ƙasa mai sauri da ke tsakanin Guangzhou da Beijing yana tsayawa a Luohe, daga nan ɗan guntun tafiya ne a mota. Daga Zhengzhou, babban birnin lardin, bai kai awa ɗaya ba a jirgin.

Zhoujiazhuang

Wannan ba ƙauye ɗaya ba ne, gunduma ce ƙarama mai ƙauyuka 6, an kasa ta rukunin aiki 10, mutanenta kimanin 13,000, gonakinta sun haura hekta 1,000. Tana ƙarƙashin Jinzhou, gabas da birnin Shijiazhuang. 'Yan jaridar ƙasar suna kiranta gandun jama'a na ƙarshe a Sin. Ba ta da dogon bene, ba ta da dandalin da zai cika maka ido. Layukan gidaje ne iri ɗaya, gonakin alkama da masara, lambunan inabi da na 'ya'yan itace, da 'yan masana'antu, babbar cikinsu mai ƙera makunnin bututun ruwa.

Haɗin gwiwar manoman wurin ya faro tun farkon shekarun 1950, kuma bai taɓa yankewa ba. Da umarnin raba gona ya iso a 1982, shugabansu Lei Jinhe ya mayar da maganar ga jama'a, magidanta sama da 3,000 suka dangwala yatsa cewa ba su son a raba. Abin lura ne cewa da irin hanyar da mutanen Xiaogang suka bi suka raba, da ita waɗannan suka bi suka ƙi. An canja suna daga gandun jama'a zuwa ƙungiyar haɗin gwiwa, aiki ya ci gaba yadda yake.

Abin da ya riƙe su ba waƙa ba ce, ba hoto ba ne, lissafi ne. Babbar cutar gandun jama'a a zamanin Mao ita ce mai ƙwazo da malalaci su tashi da rabo ɗaya, har kowa ya saki jiki. A Zhoujiazhuang an zauna an karkasa ayyukan gona zuwa iri 372, an jera su a mataki 12 bisa wahala da gwanintar da kowanne ke bukata. Ban ruwa da makinsa, feshi da makinsa, girbi da makinsa, kuma an faɗi yawan filin da za a gama kafin a ce an yi aikin yini. Shugaban rukuni ne ke raba aiki, akwai mai rubuta maki, akwai mai duba ko an yi aikin da kyau. A ƙarshen shekara, cikin watan Janairu, a haɗa abin da aka samu, a cire kuɗin iri da taki da injuna, a cire na asusun jama'a, ragowar a raba bisa makin kowa. Wanda ya yi da yawa ya ɗauki da yawa. Manomi ba ya sa kuɗinsa a iri ko taki, ba ya neman kasuwa shi kaɗai, kuma idan shekara ta zo da gardama ba shi kaɗai ke ɗaukar asarar ba.

Abu na biyu da ya bambanta su shi ne ƙofar fita a buɗe take. Wanda ya ga ya fi son ya buɗe shagonsa ko ya tafi birni aiki yana iya yi, ya riƙa biyan wani kuɗi na shekara a asusun jama'a, gidansa na nan, kuma idan ya so dawowa a ba shi aiki. Mutane da yawa sun zaɓi haka, akwai masu sana'ar kansu a cikin garin. Bahaushe zai gane wannan da sauri, don ya san gandu da gayauna: ana yi wa babbar gona aiki tare, amma ba a hana mutum ɗan abin kansa ba. Bambancin shi ne nan ba uba ɗaya ba ne, littafin maki ne ke tsaye a madadin maganar maigida.

Kada a ɗauka babu aibu. Samari da yawa ba sa son aikin gona, masu riƙe da shi galibi manya ne. Mafi yawan kuɗin shiga yanzu daga masana'antu yake fitowa, ba daga gona ba. Bayan rasuwar Lei Jinhe a 2001, jagoranci bai yi nisa da gidansa ba, jikansa Lei Zongkui ya zo ya riƙe ƙungiyar. Kuma ba za ka ga irin dukiyar da ake nunawa a Huaxi ba: rufin asiri ne, ba arzikin a zo a gani ba. Duk da haka, a ma'auni na biyar su ne suka fi tsayawa da ƙafarsu, domin yawancin masu aikin su ne masu rabon.

Wahalarsa ga baƙo ita ce harshe. Ba a shirya wurin don baƙin ƙasashen waje ba, masu zuwa galibi mutanen birane ne da ke zuwa tsinkar 'ya'yan itace a lambu. Idan ba ka jin Sinanci, ba ka kuma tafi da mai fassara ba, gonaki kawai za ka gani ka dawo. Ka kwana a Shijiazhuang, wanda ke kan layin jirgin da ya ratsa Luohe, kuma awa ɗaya da 'yan mintuna ne daga Beijing. Ka ci abincinka a can, a shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi, ka yi guzuri. Sannan ka kula wajen yankar tikiti: akwai wani Jinzhou a lardin Liaoning, can arewa maso gabas, rubutunsu ɗaya da haruffan boko. Ka tabbatar na lardin Hebei ka nufa.

Huaxi

Shi ne aka daɗe ana kira ƙauye mafi arziki a Sin. Yana ƙarƙashin Jiangyin, kusa da Wuxi, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Shanghai. An kafa shi a 1961, Wu Renbao ya jagorance shi, kuma tun 1969 ya buɗe ƙaramar masana'antar ƙarfe a ɓoye, a lokacin da yin haka laifi ne. Daga nan aka shiga narkar da ƙarfe da saƙa. A 1999 kamfanin ƙauyen ya shiga kasuwar hannun jari ta Shenzhen. A 2011, don bikin cika shekara 50, aka buɗe otal mai tsayin mita 328, aka ajiye bijimin zinari mai nauyin tan ɗaya a ciki, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa yuan miliyan 300.

'Yan asalin garin, kimanin 2,000, sun samu manyan gidaje da motoci. Amma a wancan lokacin yawancin ladan ƙarshen shekara ba a ba su a hannu, ana mayar da shi jari a kamfani, kuma wanda ya bar gari ya yi asararsa. Ƙauyukan maƙwabta da aka haɗe da Huaxi daga 2001 ba su samu matsayi ɗaya da 'yan asali ba, baƙin ma'aikata kuwa suna ƙasa da su duka. Mataki uku kenan a gari ɗaya. Wu Renbao ya miƙa wa ɗansa Wu Xie'en jagoranci a 2003, ya rasu a 2013. Kasuwar ƙarfe ta faɗi, bashi ya taru ya kai biliyoyin yuan masu yawa. A watan Fabrairun 2021 aka ga dogon layin mutane a cikin ruwan sama suna neman cire kuɗinsu. A 2023 wani asusu mai alaƙa da gwamnatin Jiangyin ya karɓi kashi 80 cikin ɗari na babban kamfanin ƙauyen a kan yuan 1.

Zuwa wurin ba wuya, masauki ba wuya, amma shi ya fi cin kuɗi, kuma noma kaɗan ne za ka gani. A gaskiya Huaxi kamfani ne mai sunan ƙauye.

Ga su a jere

| Ma'auni | Nanjie | Zhoujiazhuang | Huaxi |
|---|---|---|---|
| Kuɗin ziyara | Matsakaici | Kaɗan, amma ka sa na mai fassara | Mafi tsada |
| Tushen kuɗin gari | Masana'antun abinci da rancen banki | Ƙananan masana'antu da gona | Ƙarfe, saƙa, hannun jari, bashi |
| Ƙarko | Tun 1984, ya tsira daga rikicin bashi | Tun shekarun 1950, bai yanke ba | Ya koma hannun gwamnati a 2023 |
| Sauƙi ga baƙo | Sosai, akwai masallaci | Sai da harshe | Sosai |
| Wanda ya fita | Ya rasa gida da rabo | Ya biya kuɗin shekara, yana iya dawowa | Ya rasa jarinsa |
| Masu aiki | Galibi baƙi | Galibi 'yan gari | Galibi baƙi |
| Zai kwaikwayu? | Da wuya | Wani ɓangare | A'a |

Haɗarin da ya shafi duka ukun

Baƙo ba ya zama ɗan gari a ko ɗaya daga cikinsu, domin rabo yana bin rajistar zama ta iyali ne. Don haka maganar ƙaura ba ta taso ba, kallo da koyo ne kawai. Ba kowane ƙaramin otal ne ke son karɓar mai fasfon waje ba, ka tabbatar kafin ka tashi, kuma doka ce a yi maka rajista a inda ka kwana. Idan da bizar kasuwanci ko ta karatu ka shigo, kada ka ɗauki kyamara kana tsayar da mutane kana tambayarsu bashin gari ko shugabanni. Kai za ka tafi, su za ka bari da abin da ya biyo baya. Ɗalibin da ke son yin bincike na gaske ya nemi takarda daga jami'arsa. Ka guji lokacin sabuwar shekarar Sinawa da makon farko na Oktoba, tikitin jirgi kan yi wuya. Hunturun Henan da Hebei kuma yana da tsanani, wanda bai saba ba ya bari sai Afrilu ko Mayu.

Wanne ne naka?

Idan kai ɗan kasuwa ne a Guangzhou, ba ka jin harshen, kwana biyu gare ka, kuma so kake ka ga yadda zamanin Mao ya kasance a ido, tafi Nanjie. Za ka yi sallah a masallaci, ka ci halal, ka ga dandali da gidajen. Ka dai leƙa ɓangaren masana'antu lokacin tashi daga aiki, ka ga yawan masu fitowa, ka tuna yawancinsu ba sa cikin rabon da aka nuna maka.

Idan a Yiwu ko Shanghai kake, yini ɗaya gare ka, Huaxi ne ya fi kusa. Ya fi amfani ga mai karatun tattalin arziki ko wanda ke riƙe da dukiyar jama'a, domin a can zai ga inda bashi da gadon shugabanci da hana mutane taɓa kuɗinsu suke kai ƙungiya.

Idan kuwa noma ne ya dame ka, ko kana jagorantar ƙungiyar manoma, ko kana karatun aikin gona a ɗaya daga jami'o'in Beijing, Zhoujiazhuang nake ba ka shawara, ko da ya fi wahala. Ka nemi abokin karatu Basine ya raka ka. Ka je a watan Yuni lokacin girbin alkama, idan ana cire ta ana shuka masara a gurbinta, a lokacin ne za ka ga rukunin aiki a bakin aikinsa. Ka fara da gidan tarihin ƙungiyar, sannan ka nemi a yi maka bayanin abu uku: yadda ake sa wa aiki maki, wa ke duba mai rubuta makin, da nawa ake cirewa don asusun jama'a kafin a raba. Wanda ke gida bai samu zuwa ba, waɗannan ukun ne zai nema a rubuce-rubucen da aka yi a kan garin. Mallakar ƙasa a Sin daban take da tamu, don haka haɗe gonaki gaba ɗaya ba lallai ya yiwu a ƙungiyarku ba, amma jadawalin maki da ranar rabo da sharaɗin fita abubuwa ne da za a iya gwadawa a gonar ƙungiya guda ɗaya a damina mai zuwa.